Wasan da Na Guje wa Shekara Uku

New Bell, Duwala
Talata da hantsi, a shago

Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ina fata kin sauka Yawunde lafiya, jami'a ta ba ki ɗaki mai taga, kuma sanyin tudun can bai kama miki ƙirji ba. Allah ya tsare ki fita da shiga, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da masu hali irin wanda ubanki ya nuna ranar Asabar. Mamanki tana gaishe ki. Ni kam yau kwana uku ba ta gaishe ni ba.

Ina rubuta miki takardar nan ƙafata ta dama tana cikin roba, ruwan zafi da gishiri. Gara ki ji labarin daga bakina kafin 'yan unguwa su ƙara masa yaji.

Mun yi da ke a gaban mutane cewa ranar Asabar ƙarfe tara, kafin jirgin ƙasanki na bayan azahar, zan zauna mu buga eshek, darar Turawa mai sarki da doki, wasa na gaske wanda Mesiye Idrisu zai shigar a katin maki. Na amsa, har da bugun ƙirji. Da gari ya waye sai na fara neman hanyar gudu. Na zura babbar rigata ta shadda, na ce wa mamanki akwai suna a gidan Alhaji Tanko a Bonaberi, zan leƙa in dawo. Abin da ban sani ba, yayar Tanko tana kan hanyar gidanmu da dambun naman da ta yi miki na guzuri. Mamanki ta yi mata barka. Matar ta ce barkar me, ai cikin ko wata bakwai bai cika ba. Kin ji, na raɗa wa yaro suna tun yana ciki.

Ni kuwa ina can ƙetaren ruwa ina zagaya bakin masana'antu da babbar riga, kamar mai neman aikin gadi. Na sha shayi kofi biyu. Dabarata ita ce in bari sha ɗaya ta yi, lokacin wasa ya wuce, in dawo ina haki in ce suna ya ja, in raka ki tasha in sa miki albarka. Sai wata motar katako ta mutu a tsakiyar gada. Kin san gadar Wuri, in ta toshe gari ya rabu biyu ke nan. Na sauka na kama tafiya a ƙasa. Ruwa ya sauko. Takalmina ya tsinke, na taka wani guntun ƙarfe. Wani mai bensikin, wato ɗan acaɓa, ya rage gudu, ya dubi rigata, ya dubi ƙafata, ya ce “Ashiya, papa,” wato sannu baba, ya ƙara wuta. Da na isa tasha mai shara kaɗai na tarar.

Na dawo gida ina ɗingishi. Mamanki ba ta ko kalli ƙafar ba. Ta ce, “Ta jira ka a shago har aka kira azahar. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.” Na buɗe shago, na ga allon wasan a kan kantar shago, kowane ɗa a gidansa, fari a ɓangarenki. Sojan gaban sarkinki kaɗai ya fito taki biyu. Babu takarda, babu saƙo. Yana nan yadda kika bar shi. Na tashi na dube shi ya fi sau ashirin tun da na fara rubutun nan, shi ya sa za ki ga ɗigon ruwa a gefen takarda.

Ba zan ba ki labarin gida ba, mamanki za ta aiko miki da shi. Ni nasiha zan yi miki, kuma ba ni da wani littafin da zan buɗe sai kurakuraina. Aji huɗu na yi a makarantar Faransa na gudu kasuwa, amma a fannin kuskure na kai digiri. Na san kin fi ni sanin lissafin klasma, wato makin da ake jera 'yan wasa da shi, nesa ba kusa ba. Duk da haka ki bar ni in faɗe shi yadda ni na gane shi, don a cikinsa laifina ya ɓuya.

Kina ƙarama lokacin da abin ya fara. Kiriz, wato matsin tattalin arziki, ta kama gari, an yanke albashi, an sake yankewa, mata suka daina sayen atamfa sai dai su taɓa su ce za su dawo. Sannan aka shiga rufe gari, ba kasuwa ba mota sai ƙarshen mako. Muka zama garada tara a barandar shagona muna ƙirga ƙudaje. A nan Mesiye Idrisu ya same mu. Haifaffen Duwala ne, kakansa ya zo daga Kano da goro, shi kuwa ya yi boko har ya zama akawu a wani kamfani a bakin ruwa. Da aka sallame su, kompirese kamar yadda ake cewa, bai cire lakataye daga wuya ba, kullum da ita yake zuwa baranda. Shi ya kawo allon eshek. Ya ce tunda ba mu da abin ƙirgawa, zai ba mu.

Ya yanka kwalin sabulu ƙanana-ƙanana, kowa da katinsa, ya rubuta wa kowa dubu ɗaya da ɗari biyu. Ya fito da wani jadawali da ya kwafo daga mujalla, ya ce da irinsa ake auna manyan 'yan wasa na duniya. Na ce, “Mesiye, in na ci mutum nawa za ka ba ni?”

Ya ce, “Ya danganta da wanda ka ci.”

“Ci ba ci ba ne?”

“A'a, Garba. Lambar nan ba yabo ba ce, hasashe ce. Kafin ku zauna jadawali ya riga ya faɗi abin da yake tsammani. In lambarku ɗaya, rabi da rabi. In ka fi mutum da ɗari biyu, cikin wasa huɗu ana sa ran uku naka ne. In ka fi shi da ɗari huɗu, cikin goma tara naka ne. Da an gama sai in duba abin da ka kawo. Ci ɗaya ne, canjaras rabi, faɗuwa sifiri. In cire abin da aka yi tsammani daga abin da ka kawo, ragowar in ninka sau ashirin. In ta yi sama in ƙara maka, in ta yi ƙasa in rage.”

Na ce ya maimaita da Hausar mutane. Ya gyara lakataye ya ce, “Ba don ka ci ake ƙara maka ba. Don ka ba da mamaki ne.”

Nan na gane, ko na ce na gane. A kasuwa ma wanda ya sayar da sabon yayi ba a tafa masa. Wanda ya iya fitar da turmin da rana ta ci, shi ne ɗan kasuwa.

To da yake ni mai wayo ne, sai na nemi hanyar da ba gumi. Kin tuna Alhaji Bako mai goro, wanda har ya bar duniya bai yarda doki ba ya tafiya miƙe ba. Na maƙale masa. Kullum da safe in tanadar masa kujera mai jingina, in ce Alhaji bismilla. Da farko abin ya yi daɗi, goma-goma nake kwasa. Da tazara ta buɗe sai ya koma bakwai, biyar, uku. Na ce uku ma ai ba a tsintar ta a ƙasa. Na ci shi sau biyar a jere, maki sha biyar. A na shida mai ƙosai ta wuce, na ɗaga kai in kira ta, na sauke hannu a kan ɗan da bai kamata ba. Alhaji Bako ya ɗauke sarauniyata, shi kansa bai san ya yi ba sai da aka gaya masa. Sha bakwai suka tafi a zama ɗaya. Aikin sati guda ya koma ƙasa da inda na faro, kuma ban koyi komai ba sai hannun Bako. Har yau akwai ɓarnar da nake yi da doki wadda daga wurinsa na ɗauko.

Uwani, can inda kike za ki samu masu rauni da za su riƙa ce miki gwana. Zama da su akwai daɗi. Ki gaishe su, ki buga da su in sun nema, amma kujerarki ta kullum ki kai ta gaban wanda zai wahalar da ke. In ya ci ki abin da za a rage kaɗan ne, tunda haka aka yi tsammani, abin da za ki ɗauko a hannunsa kuwa ba ya shiga kati. A aji ma haka. Ki zauna kusa da wadda take sa ki ji kamar ba ki san komai ba.

Ruwan ƙafar ya huce. Na tashi na sake, wata mata ta shigo ta sa na sauke turmi shida, ta ce za ta dawo. Allah ya dawo da ita.

Ina ina? Modu.

Na kai dubu ɗaya da ɗari biyar da sittin, ina tafiya a New Bell kamar an ba ni unguwar, sai ga wani dogon Babarbare, shi ne Modu, ya tsaya a bakin baranda. Yashi yake haƙa a kogin Dibamba, can wajen Japoma, ƙafafunsa fari fat, tsagewa ko'ina. Ya tsaya yana kallo kwana biyu. Rana ta uku ya ce ko za a ba shi wuri. Mesiye ya yanka masa kati, dubu ɗaya da ɗari biyu kamar kowane sabo. Na yi wuf na ce ni zan karɓi baƙo. A raina na ce ga wani Bako Allah ya aiko. Har na ce masa, “Malam, wannan mai kan dokin, sunansa doki.” Ya ce na gode.

Ya ci ni kafin shayina ya huce. Na ce rana ce ta shiga idona, muka juya allo. Ya sake. Na ce a yi na uku. A na uku har ya riƙa ba ni haƙuri. Ashe ya yi shekaru yana gadi a gidan wani likita a Marwa, su biyu suna bugawa kullum bayan la'asar. Mesiye ya danna biro: sha takwas, sha bakwai, sha shida. Hamsin da ɗaya kafin azahar. Na ce wannan zalunci ne, mutumin nan ba ɗan dubu da ɗari biyu ba ne, a goge. Mesiye ya ce, “Kati bai san shi ba tukuna. Shi ya sa sabo nake ninka masa sau arba'in, ba ashirin ba, don ya yi saurin isa inda ya dace da shi. Kai ne dai ka miƙa wuya a kan hanyarsa.”

Kati labarin jiya yake bayarwa, Uwani. Wanda ke zaune a gabanki na yau ne. Kada ki dubi lambar mutum, ko takalminsa, ko irin Faransancin da yake yi, ki ce kin gama da shi. Ki dubi abin da ya ajiye a kan allo. Wannan ita ce nasihar da ya kamata in ɗauka ranar nan. Ni kuwa wata na ɗauka daban: na ce daga yau ba ni ba sabon kati. Ki riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Gini ya tsaya a gari, yashi ya daina kasuwa, Modu ya koma arewa ya bar katinsa a akwatin Mesiye. Mesiye shi kansa ya iya lissafi amma wasansa sai addu'a. Na lallaɓa na farfaɗo, na zama na ɗaya a baranda, dubu ɗaya da ɗari shida da bakwai. Ana nan sai wani malamin lise, wato sakandare, daga Yawunde ya zo hutu wurin surukansa, ya ji labarinmu ya leƙo. Ya ce a kulob ɗinsu yana da dubu ɗaya da ɗari takwas. Aka tura ni gaba. Unguwa ta taru, har masu facin taya suka bar aiki.

Ban san abin da ya shiga kaina ranar nan ba, na buga wasan da ban taɓa bugawa ba. Na matse sarkinsa a lungu. Na ga gumi a goshinsa. Sai ya ɗago ya yi murmushi ya ce, “Nul?” wato mu tashi canjaras. Maimakon in dubi allo sai na shiga lissafi. Ya fi ni da ɗari biyu. Canjaras zai ba ni biyar, a hannu. In na ci sha biyar ne, amma in na ci gaba ƙila in yi irin ta Bako. Na miƙa masa hannu da sauri har na ture hasumiya. Aka yi ta tafi. Da mutane suka watse Mesiye ya mayar da 'ya'yan inda suke, ya tura sarauniyata, ya tura doki, ya ce, “Mat, sarkinsa ya mutu. Taki biyu ya rage maka, Garba.” Ya rubuta dubu ɗaya da ɗari shida da sha biyu.

Lambar nan da kika tashi kina jin ana kirana da ita, Garba Sha Biyu, wadda na sa aka rubuta a bangon shago da fenti, asalinta ke nan. Tsoro ne ya haife ta. Idan babba ya miƙo miki hannun sulhu a tsakiyar wasa, ki gode masa, sannan ki tambayi kanki me ya gani da ke ba ki gani ba. Lissafin maki a yi shi kafin a zauna ko bayan an tashi. In kina kan allo, allo kaɗai.

Malamin nan kafin ya tafi ya faɗi wata magana da ta tsaya mini. Ya ce lambobinmu na baranda tsakaninmu kawai suke aiki, tunda mu tara muke ta juya maki ɗaya, wannan ya ba wancan, wancan ya mayar. Sai mun fita mun gwabza da na waje za a san nauyinsu. Na ji haushi a lokacin. Da aka wayi gari aka ce an karya darajar sefa, takardar da ke aljihuna ba ta canja kala ba amma rabin turmi take saye, sai na tuna shi. Don haka dubu ɗaya da ɗari bakwai da hamsin ɗinki, ki ɗauke ta a matsayin guzuri. Can za su ba ki sabon kati, da nasu ninkin, ki tambaya nawa ne. Ƙila lambar ta faɗi warwas a watan farko. Kada ki rubuto mini kina cewa kin lalace. Ba ke kika ragu ba, ma'aunin ne ya ƙara faɗi.

Yanzu na iso inda nake ta kewaye-kewaye tun ɗazu. Na tashi na gyara turamen da matar nan ta hargitsa, na leƙa waje, na dawo. Ba mai zuwa ya cece ni.

Tun ranar canjaras ɗin nan ban sake buga wasan kati ba. Na gano wata ɓaraka a lissafin Mesiye: wanda bai zauna ba, ba a rage masa. Na zama mai ba da shawara daga tsaye. Na zama mai cewa “da ni ne.” Lambata tana bango tana sheƙi kamar leshin da ke saman kanta, wanda kowa ke tambaya ba mai saye.

Sai ke. Shekarar da makarantu suka yi ta buɗewa suna rufewa, kika fara zama a shago kina bitar darasi, ashe rabin idonki yana baranda. Kina da shekara sha biyar kika ce wa Mesiye ya yanka miki kati. Wasu suka yi gunaguni, mace a baranda. Ni na tsaya miki, wannan kam a rubuta mini shi. Na ce 'yata ce, shagona ne, wanda bai so ba ga hanya. Da yamma kika zo kika durƙusa kika ce, “Baba, ina so wasana na farko da kai ne.”

Kin san abin da ya zo mini? Ba daɗi ba. Modu. Na taɓa ganin yadda kike kallon allo, ba kya ƙifta ido, irin kallonsa. Nan take na buga lissafi, ni da na gudu daga aji huɗu. Tazara ɗari huɗu. In na ci ki, biyu za a ba ni. In kika ci ni, sha takwas za su tafi, a gaban masu facin taya. Na ce, “Bayan la'asar, Uwani.”

Bayan la'asar na ce bayana. Washegari na ce tabarau. Na ce azumi ya kusa. Na ce azumi ya wuce, jiki bai dawo ba. Akwai ranar da na naɗe hannun dama da bandeji, Mesiye ya ce ai da hagu ma ana tura soja, na ce ciwon yana zagayawa. Da rana mamanki ta aiko da tuwo na manta na kwance bandejin na ci. Kowa ya yi dariya, har ke. Ni ma na yi. Ai ni ne mai ba unguwa dariya, da dariyar nake rufe komai. Mesiye ne kaɗai bai yi ba. Ya matso ya ce a hankali, “Garba, tu as peur.” Tsoro kake ji. Na ce tsoron me, 'yar da na yi wa huɗuba.

Kika daina tambaya kullum, kika koma sati-sati, kika koma sai da salla. Kina ta hawa. Ranar da Mesiye ya liƙa jeri a ƙofar shago sunanki a saman nawa, mutane suka zo suna taya ni murna, wani ya ce Sha Biyu an sauke ka. Da na yi shiru da ya fi. Sai bakina ya ce, “Ku bar ta ta hau. Har yau dai ba ta taɓa cin ubanta ba.” Aka kwashe da dariya. Kina tsaye riƙe da littafinki. Kika ce, “Gaskiya ne, Baba. Ban taɓa ba.” Kika shige gida.

Wannan magana taki tana bina. Ita ta bi ni har kan gada ranar Asabar.

Jiya Mesiye ya zo duba ƙafa. Ya ga allo a kan kanta, ya ga sojanki. Ya zauna ya fito da katunanmu biyu. Na ce ya bari, ya ce a'a, yau sai na ji. Ya ce, “Ranar da ta fara roƙon ka, da ta ci ka, sabuwa ce, ninkinta arba'in. Talatin da shida za ta samu a zama ɗaya. Babu wani a barandar nan da zai iya ba ta haka sai kai.”

Na ce, “Yanzu fa?”

Ya duba jadawali. “Yanzu ta fi ka da ɗari da talatin da takwas. In ta ci ka, shida.”

“Shida kawai?”

“Shida. Jadawali ya riga ya san za ta ci ka. Ba mamaki a ciki.”

Na yi dariya har ƙafar ta motsa. Shekara uku ina gudu, na ƙirƙiro ciwo kala-kala, na yi wa ɗan tayi suna, na taka ƙarfe, duk don in tsare abin da yanzu bai wuce shida ba. Da dariyar ta ƙare sai na ga ɗaya gefen. A shekarun nan da ban iya yi miki ɗinkin salla biyu a jere ba, ni mai shagon atamfa, ashe akwai abu guda mai tsada a hannuna da zan iya ba ki, ba ya buƙatar ko sisi. In zauna, in buga iyakar ƙarfina, ki kayar da ni a gaban mutane, ki tashi da talatin da shida daga hannun ubanki. Na riƙe shi har ya lalace a hannuna. Wannan ba ya dawowa, na tambayi Mesiye, ya ce lissafi ba ya komawa baya.

To ga nasihar, ita ce babba, sauran duk rakiya suka yi mata. Wata rana za ki zama ta sama a wani wuri, a kulob ko a ofis ko a gidanki. Wata ƙarama za ta zo da sabon kati ta ce tana so ta gwada da ke. Tsoro zai kama ki, kada ki ce ba zai kama ki ba, jinina ne a jikinki. Ki zauna a ranar. Kada ki ce bayan la'asar. Kada kuma ki sassauta mata, wannan ma wata rowa ce. Lambar da ba a fitar da ita wasa ba lamba ba ce, fenti ne a bango. Na sa an kawo farar ƙasa, da ƙafa ta yi sauƙi zan shafe nawa da hannuna.

Ban sa miki albarka a tasha ba, ga ta a takarda, ki karɓa da haƙuri. Allah ya yi miki albarka, Uwani. Sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi, ita ma ba ta taɓa tsoron zama gaban kowa ba, ban san inda na samo nawa ba. Allah ya buɗa miki karatu, ya kare ki daga zazzaɓi da mugun abokin zama da motocin Yawunde. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki ci abinci kafin wasa, ba a tunani da yunwa. In gari ya rikice ki zauna a ɗaki, kada ki je kallo. Allah ya dawo mana da ke lafiya, ya sa in ga ranar da idona.

Mahaifinki,
Garba mai atamfa

Na ce wa Mesiye wasan da ke kan kanta ya fara, a shigar da shi a kati. Ya ce ba a saba yin na kati ta wasiƙa ba, sannan ya ce akwatin nasa ne, ya yarda. Yanzu na tashi na je na tura sojan gaban sarkina taki biyu, ya tsaya ido da ido da naki. Mesiye ya ce a rubuce e bakwai zuwa e biyar ne, ko da yake kin gane. Na saki ɗan, kuma kin san doka, an saki an saki.

Ki aiko da takinki ta hannun Ɗanladi mai aikin jirgi, duk Alhamis yana sauka. In kin ga dama ki bar ni in jira, na san ban da bakin magana. Allon ba zai motsa daga kanta ba, na gaya wa mamanki ko ƙura kada a share. Shida ne suka rage a hannuna, naki ne, amma ba zan miƙa su a faranti ba, sai kin ƙwata. Kuma ba zan nemi canjaras ba.

Saura ke.